Tsatsa a Ƙarƙashin Ƙasa, Rana a Sama: Wa Zai Tsare Bututun Mai?

Bututun mai bai ratsa Potiskum ba. Mutumin unguwar Bolewa zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa taka ƙasar da aka binne shi a ciki ba. Mafi kusa da mu shi ne wanda ya taso daga matatar Kaduna, ya bi ta Jos, ya gangaro Gombe, ya ƙetare kogin Gongola, ya hau tudun Biu inda aka gina masa tashar tunkuɗa mai, sannan ya tuƙe a daffon Maiduguri. An shimfiɗa shi a zamanin da aka gina matatar, wadda aka buɗe a 1980, kuma reshe ne na bututun NNPC da tsawonsu ya haura kilomita 5,000 a faɗin ƙasar nan. Da yana aiki yadda aka tsara, da tankar da za ta kawo mana fetur ba ta wuce Gombe ba, tafiyar 'yan sa'o'i. To amma shekara da shekaru ke nan matatar Kaduna tana kwance, kuma man da ɗan acaɓa da mai Keke Napep ke sha a garin nan sai ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu a bayan mota, daga Legas ko Warri ko Fatakwal.

Kowace kilomita a cikin wannan tafiya mu ke biyanta a gidan mai. Wani lokaci kuma ba da kuɗi ake biya ba. A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru, nan jiharmu ta Yobe, ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Bayan wata uku aka sake ganin irinta a mahaɗar Dikko a jihar Neja. Duk wanda ya ce maganar bututu ba ta shafi mutanen Yobe ba, bai yi lissafin nan ba.

Shi kuwa bututun yana nan a kwance, ƙasa na cinsa a hankali. Muhawarar da nake son aunawa ke nan: akwai masu cewa a kafa farantan sola a kan hanyar bututun mai domin su ba da wutar da ke hana shi tsatsa, akwai kuma masu cewa wannan kitso ne da ƙwarƙwata. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta wasa ba. Sai dai kafin a shiga gardamar, dole a san me ya haɗa tsatsa da wutar lantarki tun farko, don da yawa daga cikinmu mun ɗauka ruwa ne kawai ke kawo ta.

Ƙarfen da aka binne a ƙasa mai danshi yana zama kamar ƙaramin batir da kansa. Wani sashe nasa yana kwance a yashi mai shan iska, wani a laka mai riƙe ruwa, wani a ƙasa mai gishiri ko kanwa. Wannan bambanci yana sa wata 'yar wuta da ba a ji ba a gani ta riƙa fita daga jikin ƙarfen a wani wuri, ta bi ta cikin ƙasa, ta koma cikinsa a wani wurin. Duk inda wutar ta fita, tana fita ne da ɗan ƙarfe. Masana sun auna abin: wuta mai ƙarfin amfiya ɗaya, in ta shekara tana fita daga jikin ƙarfe, za ta narkar da kusan kilo 9. Da wannan asara za ta bazu a kan kilomita ɗari, da ba wanda zai damu. Matsalar ita ce takan taru a wuri ɗaya, inda fentin bututun ya kwarzane, sai ta huda rami kamar bakin ƙusa. Ta wannan ramin mai zai yi ta tsiyaya wata da watanni yana shiga gona da rijiya, kafin wani ya ji wari.

Kariyar farko ita ce rigar da ake yi wa bututu. A da kwalta ake shafa masa a naɗe shi, yanzu kuwa wani irin fenti mai tauri ake gasa masa a jiki a lulluɓe da roba. Amma ba rigar da ke wuce ɗauka da saukewa da walda da binnewa ba tare da ta sami tabo ba. Shi ya sa ake ƙara kariya ta biyu, wato a tilasta wa wuta ta riƙa shiga bututun ta ko'ina maimakon ta fita. Hanya biyu ce. Ta ɗaya, a binne wani ƙarfe da ya fi saurin lalacewa, maganiziyam ko tutiya, a haɗa shi da bututun da waya, sai ƙasa ta ci shi ta bar bututun. Wannan ne ƙarfen fansa, kuma dabarar ce ta sa kwanon rufi mai tutiya ke daɗewa bai yi ja ba ko da an kwarzane shi. Ta biyu, a samo wuta daga waje, a tura ta cikin ƙasa ta wasu sanduna da aka binne cikin garin gawayi nesa kaɗan da bututun, ta bi ƙasa ta shiga jikinsa, ta dawo ta waya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1824 Humphry Davy ya gwada ta a kan tagullar da ake lulluɓe gindin jiragen ruwan yaƙin Ingila da ita. Tagullar ta daina zaizayewa, sai dai kuma ciyayi da ƙwarin ruwa suka sami wurin maƙalewa, domin dama zaizayar ce ke korarsu, jiragen suka rage gudu, aka yi watsi da shirin. Bayan shekara ɗari wani injiniya mai suna Robert Kuhn ya sa ta a bututun gas na birnin New Orleans a Amurka a 1928, kuma daga aikinsa aka samo ma'aunin da ake bi har gobe: in aka auna tsakanin bututu da ƙasa da sandar awo ta jan ƙarfe, aka ga ya kai bolt 0.85 a ɓangaren ragi, to tsatsa ta kusa tsayawa cak. Waɗannan 'yan gajerun turaku da matafiyi ke gani jefi-jefi a kan layin bututu, wurin yin wannan awo ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Hanya ta biyu, wadda dogon bututu ya fi dogara da ita, tana son wuta dare da rana, rani da damina, shekara talatin ko arba'in. Ba wuta mai yawa ba, amma wadda ba ta yankewa. Ina za a samo ta a dajin da ke tsakanin Gombe da Biu, ko tsakanin Biu da Damboa?

Masu goyon bayan sola daga nan suke fara magana, kuma ba sa shan wahalar kawo shaida. Mu da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Yola mun san yadda wutar NEPA take ko a cikin gari, balle a daji. A Janairun 2021 aka kayar da turakun babban layin da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu, birnin ya shiga duhu na tsawon lokaci, har sai da NNPC ta gina masa tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. A Oktoban 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki babu wuta. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda a lokacin mafi yawan wutarsu daga Najeriya take zuwa, sun ga an yanke musu ita a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Kowace rana irin wannan, in da bututu ya dogara da layin gwamnati, rana ce da ƙasa ke cinsa ba mai hana ta. Janareta kuwa sai man gas, sai mai kai gas ɗin, sai mai gadin gas ɗin, sai mai gadin mai gadi. Tun da farashin man gas ya haura naira dubu a lita, masu injin niƙa ma kuka suke yi, ina ga tashar da ba mai ganinta.

Hujja ta biyu ta fasaha ce, kuma ita ta fi burge ni. Wutar layi mai kai-da-komo ce, ita kuwa kariyar bututu wuta mai bin hanya ɗaya take so. Saboda haka duk tashar da ke shan wutar layi sai an sa mata taransifoma da na'urar da ke miƙar da wutar. Farantin sola tun daga tushe irin wutar da ake so yake bayarwa, batir ma haka. Ba ruwanka da inbata. Faranti, batir, da 'yar na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar, shi ke nan. Ba abin da ke juyawa, ba abin da ke son baƙin mai. Ga rana kuwa, Allah Ya hore mana ita har muna neman inuwa. Yankin nan yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a Najeriya, kuma farashin faranti ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020.

Suna kuma tuna mana cewa ba gwaji za a fara a kanmu ba. Tun 1976 Libiya ta sa sola don kare bututun da ke ɗaukar ɗanyen mai daga rijiyoyin Dahra zuwa tashar ruwa ta Sidra, a lokacin da faranti ɗaya ke da tsadar gaske. Kariyar bututu da hasumiyoyin sadarwa na cikin ayyukan farko da sola ta yi a doron ƙasa, tun kafin ta shigo gidajen mutane. Abin da ya yi aiki a Sahara shekara kusan hamsin, me zai hana shi aiki a Yobe da Borno?

Masu adawa ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Cewa suke yi an faɗi rabin magana an bar rabi. Rana tana faɗuwa, tsatsa kuwa ba ta barci. Gaskiya ne in wuta ta yanke kariyar ba ta gushewa nan take, takan riƙa raguwa ne a hankali, amma ba injiniyan da zai yarda ya bar bututun mai a kan wannan sassauci kowane dare. Dole sai batir, kuma batir ɗin ne ainihin tashar.

A yi lissafi na misali. A ce tasha tana tura amfiya 10 a kan bolt 24. Wat 240 ke nan, wanda bai kai na dutsen guga ba. Amma a awa 24 ya zama kusan kilowat-awa 6. Faranti huɗu ko biyar masu wat 400 za su iya samar da wannan a rana mai haske. Sai dai ana so tashar ta iya jure kamar kwana uku na hadari ko hazo, wato a adana kilowat-awa 17. Batir na darma kuwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka sai a ninka. In da irin manyan baturan nan masu amfiya-awa 200 ne da ake sa wa inbata a gida, ana maganar goma sha huɗu ko sha biyar a tasha ɗaya. Duk wanda ya sayi ko guda biyu a kasuwar Potiskum ya san inda kuɗin yake.

Kuma zafinmu maƙiyin batir ne. An ƙera shi ne don ya zauna a wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri takwas zuwa goma yana rage masa kusan rabin kwanansa. A watan Afrilu nan garin ana haura digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe a fili? Batir ɗin da takarda ta ce zai yi shekara biyar sai ya mutu a biyu. Na litiyam ya fi juriya, amma ya fi tsada, ya kuma fi jan ido. Shi kansa farantin ƙarfinsa raguwa yake yi in ya yi zafi. In hunturu ya shigo kuma, hazo ya tare rana daga sama, ƙura ta lulluɓe gilashin daga ƙasa. Mai rijiyar burtsatse ta sola a cikin gari yakan sa yaro ya goge faranti da tsumma da safe. Wa zai goge na kilomita tamanin daga gari? In damina ta sauka, tsawa ɗaya ta isa ta ƙone na'urar daidaita wuta, kuma daga waje tashar za ta ci gaba da kyan gani kamar ba abin da ya faru.

Wannan ta ƙarshe ita ce abin tsoro. Fitilar titi in ta mutu, kowa ya gani da daddare. Rijiya in ta tsaya, mata da yara za su kai ƙara wurin mai unguwa kafin azahar. Tashar kare bututu in ta mutu, ba mai jin komai. Sai bayan shekaru, ranar da manomi ya ga dawarsa ta ƙone a tsaye.

Sai maganar ɓarayi, wadda ba sai an yi wa mutumin Arewa dogon bayani ba. A zagaya garuruwanmu a ƙirga turakun fitilun sola da aka kafa da kuɗin mazaɓu, a ga nawa ne ke da batir har yanzu. Kamfanonin waya, da shingensu da masu gadinsu, kullum cikin kukan satar batir suke a hasumiyoyinsu. Harkar 'yan jari-bola ta kai inda Gwamna Babagana Zulum ya hana ta a Borno a 2023. Tashar kare bututu kuwa ta tara duk abin da ɓarawo ke so: faranti, batir, da doguwar wayar jan ƙarfe. Wani ma zai ce tsohuwar tashar da ke shan wutar layi ta fi aminci, tunda ba ta da abin da za a kai gida a kunna fanka da shi. A nan masu goyon baya sukan mayar da martani cewa ai taransifoma da wayarsa su ma ba su tsira ba, kuma layin da za a ja kilomita ashirin don kai wuta tasha ɗaya shi kansa abin sata ne mai tsawon kilomita ashirin. Wannan amsa tana da ƙarfi. Sukan ƙara da cewa yanzu ana binne batura a ɗakin kankare a ƙarƙashin ƙasa, wanda ke rage zafi ya kuma wahalar da ɓarawo, a ɗaga faranti a kan dogon turke, a sa na'urar da ke aika awo ofis ta layin waya kowace rana, ta yadda in tasha ta yi shiru za a sani. Haka ne. Sai dai mu nan ba mu manta 2013 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Yobe da Borno da Adamawa saboda dokar ta-ɓaci. Kuma ko saƙon ya isa, sai in akwai mai karantawa, da mota, da mai a motar, da hanyar da za a bi lafiya.

Amma hujjar masu adawa da ta fi nauyi ba ta shafi rana ko batir ba sam. Cewa suke yi: wane bututun ake son karewa? Kariyar lantarki tana aiki ne tare da riga. Sabon bututu mai lafiyayyar riga wuta kaɗan yake sha, tasha ɗaya ta isa kilomita gommai. Tsohon da kwaltarsa ta bushe ta tsattsage yana iya neman ninkin-ba-ninkin wannan, sai lissafin faranti biyar ɗin nan ya rushe. In kuma aka ce a ƙara ƙarfin wuta don ta kai nesa, kusa da tashar sai ta yi yawa, ta ɗaga sauran rigar daga jikin ƙarfe. Mafi muni shi ne rigar da ta saki jiki amma ba ta yage ba: ruwa ya shiga ƙarƙashinta, ita kuma ta tare wutar kariya. Abin da ya faru ke nan a garin Marshall na jihar Michigan a Yulin 2010, inda bututun kamfanin Enbridge ya fashe ya zubar da ɗanyen mai kusan ganga 20,000, har ya shiga kogin Kalamazoo. Wuta ba ta yanke musu ba, rigar ce ta ci amanarsu. Akwai kuma tsatsar da ke ci daga ciki, wadda ruwan da ya kwanta a gindin bututu da ƙwayoyin cuta ke haddasawa. Ita ce ta huda bututun BP a Prudhoe Bay na Alaska a 2006, kuma ba wutar da za a tura daga waje ta hana ta. Bututun da ya daɗe ba a tura mai a cikinsa ba, kamar namu, ya fi kowa fuskantar wannan.

Kuma a Najeriya, in ji su, tsatsa ma jira take a bar mata. Wanda ya zo da zarto da injin huda ya riga ta. Gobarar Jesse a jihar Delta a Oktoban 1998, wadda ta ci mutum fiye da dubu, a bakin bututu ta faru. Sabon bututun Nijar da ya taso daga Agadem a jihar Diffa ya nufi Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, bai cika wata biyu da fara fitar da mai ba 'yan tawaye suka fasa shi a Yunin 2024. Wane faranti ne zai hana wannan?

A nan ne nake ganin masu adawa sun wuce gona da iri. Cewa sola ba ta hana fasa bututu gaskiya ce, amma ba wanda ya ce za ta hana. Hasali ma ɓarnar biyu suna taimakon juna: bututun da tsatsa ta sirantar ya fi sauƙin hudawa, kuma duk wurin da aka fasa aka yi faci, an bar wa tsatsa sabuwar ƙofa. Sannan in babu awo na kowane wata da ke nuna lafiyar ƙarfen, duk malalar da ta faru sai a ɗora wa ɓarayi, ko da tsufa ne ya jawo ta. Mutanen Neja Delta sun daɗe suna wannan jayayya da kamfanonin mai, domin diyya ta dogara ne a kan wanne ne sanadi. Al'ummar Bodo a ƙasar Ogoni sai da suka kai Shell kotu a Landan kafin a 2015 ta amince ta biya fam miliyan 55 kan malalar da ta fara a 2008. Littafin awo shaida ne, ga kamfani da kuma ga manomi.

Akwai masu cewa a huta da duk wannan, a koma ga ƙarfen fansa, tunda ba ya son wuta, ba ya son batir, kuma a binne yake ba mai ganinsa. Ga gajeren bututu, ko tankunan ƙarfe da ke binne a gidajen man da suka cika bakin titin Kano zuwa Maiduguri, wannan ce amsa, kuma da masu gidajen za su kula da ita da rijiyoyin maƙwabtansu sun fi samun lafiya. Amma ƙarfin turawarsa kaɗan ne. A laka mai danshi, irin ta bakin Gongola ko fadama, yana aiki sosai. A busasshen yashi, wanda wuta ke shan wahalar ratsawa, ba ya kai ko'ina, kuma yawancin ƙasarmu rabin shekara haka take. Bututun gas kuwa yana da wata mafita tasa. Na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, irinsa yana iya ɗiban kaɗan daga gas ɗin da yake ɗauke da shi ya ƙona a wata na'ura da ke mayar da zafi lantarki. Bututun fetur da na ɗanyen mai ba su da wannan gata cikin sauƙi, kuma ko na gas ɗin, ranar da ya tsaya ita ma na'urar ta tsaya.

Akwai wani ɓangare na uku da ba ya shiga muhawarar a fili, kuma ya kamata ɗan Potiskum ya faɗe shi da bakinsa. Garin nan garin manyan motoci ne. Tirela da tanka sun gina gidaje, sun aurar da 'ya'ya, sun riƙe makanikai da masu faci da masu walda da 'yan kamasho da masu abinci a bakin tasha. Mutuwar bututu da ta jirgin ƙasa ita ce kasuwar mota. Ba na zargin direba da komai, neman halalinsa yake, kuma shi ne ke kwana a hanya da ransa a hannu. Amma ba gaskiya ba ne a ce kowa zai yi murna ranar da mai ya sake isowa Gombe ta ƙarƙashin ƙasa. Abin da zan ce wa 'yan uwana masu mota shi ne, ko bututu ya tashi, ba zai kai mai Gashuwa ko Geidam ko Nguru ko Fika ba. Tanka ce za ta kai, a gajeriyar tafiya, da ƙarancin cin taya da rai.

To ina na tsaya? Ga sabon bututu, ina tare da masu sola ba tare da jinkiri ba. In Allah Ya sa man Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwamban 2022, ya kai ga shimfiɗa bututu, ban ga dalilin da zai sa a jingina lafiyarsa da layin da ke faɗuwa sau da yawa a shekara ba. Rigarsa sabuwa ce, wutar da zai sha kaɗan ce, baturan ba za su yi yawa ba, kuma kuɗin tashoshin gaba ɗaya ɗigo ne a kan kuɗin ƙarfe da haƙa. A haɗa da ƙarfen fansa a mashigar koguna da fadamu, don in tasha ta mutu wuraren da suka fi haɗari kada su zauna tsirara. A kuma kafa tashoshin kusa da ƙauyuka maimakon tsakiyar daji, a ƙara faranti biyu ko uku da za su ba ƙauyen famfo ko wurin cajin waya, a ɗauki mutum biyu daga cikinsu aikin goge gilashi da gadi, da sanin dagaci. Mutane sun fi tsare abin da suke sha daga gare shi.

Ga tsohon bututun Kaduna zuwa Maiduguri kuwa, ina tare da masu adawa, har sai an yi abu ɗaya. A bi shi ƙafa da ƙafa da na'urar awo, a tona inda awon ya nuna rauni, a tura na'urar bincike ta cikinsa inda zai yiwu, a san kaurin ƙarfen da ya rage. Ƙaramin ministan man fetur, Heineken Lokpobiri, da kansa ya faɗa a 2024 cewa yawancin bututun ƙasar nan sun tsufa sun ci kwanansu. Sashen da ya mutu a cire shi, kada a ɓata faranti a kansa. Sashen da ke da sauran rai kuwa a ba shi wuta yau, ko da ba digon mai a cikinsa, domin ranar da za a so tura man matatar Ɗangote ko na Kaduna zuwa Arewa maso Gabas, gyaran abin da aka adana ya fi sauƙi a kan sabon haƙa na ɗaruruwan kilomita.

Abin da nake tsoro shi ne kwangila irin wadda muka saba: a sayo faranti, a ɗauki hoto, a yanka ƙyalle, kowa ya watse. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora sa ido kan irin wannan bututu a wuyan hukumar NMDPRA. Ita ya kamata ta ƙi amincewa da duk wata tashar sola da ba a rubuta kuɗin sauya baturanta da albashin masu duba ta na shekara goma a cikin kwangilarta ba, ta kuma wajabta a riƙa miƙa mata awon kowane turke duk wata, a buɗe shi ga majalisun jihohin da bututun ya ratsa.